Uwa Ta Koma Aiki, Wa Ke Riƙe Da Yaro?

'Yan'uwa, a Yulin 2020 aka ɗage kullen korona a Kano, amma makarantu sai Oktoba suka buɗe. Mai abinci ta koma Kwanar Dangora, damina ta kwashe maza zuwa gona tun daga Bebeji har Doguwa. To, yara fa? Gidaje da yawa ƙaramar yarinya aka bar wa goyo da murhu.

Ina tunatar da mu, yaro amana ne, ɗawainiyarsa kuma tana wuyan uba. Malam, in ka amince ta fita nema, ku zauna ku tsara mai riƙonsa: kaka, gwaggo ko amintacciyar maƙwabciya, ka kuma biya ta haƙƙinta. Yayarsa ma reno take buƙata.

Allah Ya shirya mana zuri'a.