Minti 25 A Zaune, Minti Biyar A Tsaye

Idan Sallah ta matso, tela yakan hau keke tun hantsi, ba zai ɗaga kai ba sai ya ji kiran azahar. Da ya miƙe sai ya ji ƙugu ya riƙe, wuya ya sage, ga shi ya haɗa hannun riga a baibai. Ɗalibi mai shirin JAMB da ma'aikaciyar da ke wuni gaban kwamfuta duk kanwar ja ce: dogon zama yana cin jiki, yana kuma dusashe hankali.

Likitoci sun daɗe da sanin haka. A 1953 Dakta Jeremy Morris ya kwatanta direbobin bas na Landan da kwandastocinsu, masu wuni suna hawa da saukar matakalar mota mai bene. Ciwon zuciya ya fi kama direbobin.

Dabara mafi sauƙi kuwa daga kicin ta fito. A ƙarshen shekarun 1980, karatu ya ƙi shiga kan wani ɗalibi ɗan Italiya, Francesco Cirillo, sai ya ɗauko agogon girki mai siffar tumatir ya ɗana. Nan tsarin Pomodoro ya samo suna, wato tumatir a harshensu. Aiki ɗaya tak ake sa wa gaba na minti 25, a huta minti biyar. Bayan zagaye huɗu a huta minti 15 zuwa 30. In wani tunani ya faɗo a tsakiya, irin su "ban kira wane ba", sai a rubuta a takarda, a ci gaba.

Wajen hutun ne mutane ke ɓata rawarsu da tsalle. Agogo na bugawa sai a jawo waya a shiga WhatsApp, wuya na nan a lanƙwashe, ido na kan haske. Wannan ba hutu ba ne. Abin da ake so, mutum ya tashi tsaye, ya dafe ƙugu da hannu biyu ya ɗan gantsare, ya juya kafaɗu baya, ya karkatar da kai dama da hagu a hankali ba da fizga ba, sannan ya taka zuwa randa ya sha ruwa. Ido ma ya samu rabonsa: a kalli abu mai nisan mita shida na daƙiƙa 20. Wani ƙaramin bincike na Jami'ar Kolombiya a Amurka ya nuna a 2023 cewa tattakin minti biyar bayan kowane rabin awa yana rage hawan sukari bayan cin abinci. Wanda miƙewa ke tsananta masa ciwo, ko yake jin ƙafa na mutuwa, ya dakata ya ga likita.

Minti 25 ɗin ba wahayi ba ne. Telan da ya sa almakashi a shadda mai tsada ya ƙarasa yankansa tukuna, wanda rubutu ya karɓe shi kuma yana iya yin 50 ya huta 10. Wayar da aka sa wa ƙararrawa dai a ajiye ta can ƙarshen ɗaki, inda sai an tashi kafin a kashe ta.