Ciwon Huhu na Shanu

Ciwon huhu ya daɗe yana yi wa makiyayan Borno ɓarna, musamman inda garkuna ke haɗuwa, kamar mashaya da Kasuwar Shanu ta Maiduguri. Ƙwayar cutar numfashi take bi daga dabba zuwa dabba. Idan ta shiga, tantanin da ya lulluɓe huhu yakan kumbura, ruwa rawaya ya taru a ƙirji, har huhu ya manne da haƙarƙari. Sai saniya ta miƙa wuya, ta buɗa ƙafafun gaba, tana tari da nishi. Wadda ta warke ma ba abar amincewa ba ce, domin takan riƙe cutar watanni. Lalle makiyayi ya kai shanunsa rigakafi kowace shekara, baƙuwar saniya kuwa ya ware ta tukuna.