Amsoshin Tambayoyinku: In sayi manhajar gyaran hoto, ko in riƙa biyan haya?

TAMBAYA: Ni matashi ne a Kontagora. Na koyi ɗaukar hoto a wajen maigidana, ya yaye ni, yanzu na kama ɗan shago. Ina da kyamarar Canon ta hannu da laftof na hannu. Yawancin aikina fasfo ne da hotunan ɗalibai, sai biki da suna. Har yanzu a waya nake gyara hoto. Abokan sana'a sun ce sai na koma Photoshop, amma an ce yanzu ba a sayar da shi, wata-wata ake biya da dala. Wani kuma ya ce in kawo filash ya zuba mini kyauta. Don Allah mene ne bambancin manhajar waya da ta ƙwararru, kuma tsakanin saye da biyan wata-wata wanne ya fi mini?

AMSA: Allah Ya sa wa shagon albarka, Ya saka wa maigidanka da alheri. Bari mu fara da bambancin, ƙanena, don shi zai nuna maka ko akwai ma buƙatar kashe kuɗin.

Manhajojin waya irin su Snapseed da PicsArt an yi su ne don mai son ya gyara hoto ɗaya cikin minti biyu ya ɗora a Facebook ko WhatsApp. Ban raina su ba. Snapseed, wanda ke hannun Google tun 2012, kyauta ne kuma yana aiki mai kyau. Inda suke gazawa shi ne wurin da aikin mai shago yake farawa.

Ka ɗauki ango da ya fito daga masallaci bayan ɗaurin aure, ƙarfe biyu na rana, a watan bazara, cikin farar shadda mai maiƙo. Ka san ranar Kontagora a wannan lokaci. Idan ka saita kyamara don fuskarsa ta fito, shaddar ta ƙone fari fat, aikin da ke gaban babbar rigar ya ɓace. Idan ka saita don rigar, fuska ta dushe a ƙarƙashin hula. Hoton JPEG yana riƙe matakan haske 256 ne kawai a kowane launi, domin kyamara ta riga ta yanke hukunci ta zubar da saura. Amma idan ka ɗauka a tsarin RAW, yawancin kyamarorin Canon da Nikon suna ajiye matakai 4,096 ko 16,384. Daga nan a kwamfuta za ka ja haske ƙasa, ka ga zaren aikin rigar ya dawo, ka ɗaga inuwa ka ga idon ango, ba tare da fatarsa ta koma toka-toka ba. JPEG riga ce da tela ya gama ɗinkawa, RAW kuwa yadi ne da ba a sa wa almakashi ba. Sai dai wurin da ya ƙone ƙurmus, babu manhajar da za ta dawo da shi, don haka saitin kyamara yana nan da muhimmancinsa.

Sai yawan aiki. Biki ɗaya, daga kamu zuwa walima, yana iya ba ka hotuna ɗaruruwa. A waya ɗaya bayan ɗaya za ka bi su har ido ya yi ja. A Lightroom kuwa ka gyara guda, ka zuba wannan gyaran a kan duk waɗanda aka ɗauka cikin haske iri ɗaya. Nan ne mutane da yawa ke rikicewa: aikin Lightroom shi ne tace hotuna masu yawa da daidaita haske da launi, shi kuwa Photoshop na zama a kan hoto guda ne, a cire bango, a jera leya kan leya, a haɗa kalanda ko a jera fasfo a takarda ɗaya. Mai ɗaukar biki ya fi buƙatar irin na farkon.

Akwai kuma maganar wankewa. Hoton inci 8 da 10 yana son ɗigo 2,400 da 3,000 kafin ya fito tas, kuma WhatsApp yana matse hoto idan ba a matsayin fayil ka tura shi ba. Injin buga kalanda da fosta kuma da tawada huɗu yake aiki, tsarin da ake kira CMYK, shi ya sa koren da ya yi shar a waya yake fitowa a dushe a takarda. Yawancin masu ɗab'i a garuruwanmu da CorelDRAW suke aiki. Kafin ka kashe ko sisi, je ka tambayi wanda kake kai wa aiki, a nan Kontagora ne ko Minna ko Kaduna, wane irin fayil yake karɓa.

Wani abu da ke damuna, bari in faɗe shi a nan. Manhajoji irin su Remini ba gyara kaɗai suke yi ba, ƙirƙirar abin da babu suke yi, su goge tabo, su sake hanci, wasu kuma su haska fata har uwa ta kasa gane 'yarta. Fasfon ɗalibin da zai yi rajista a babbar makarantar da ke garinku dole ya zama fuskarsa ce. A hoton biki ma, kalar fatar mutanenmu kyakkyawa ce, aikinka ka fito da ita yadda Allah Ya yi ta.

To, maganar saye da haya. Gaskiya aka faɗa maka. Photoshop ya fito ne a 1990, kuma sama da shekara ashirin ana sayensa gaba ɗaya. Na ƙarshen da aka sayar haka shi ne CS6 na 2012, a kan dala 699. A watan Mayun 2013 kamfanin Adobe ya sanar cewa sababbin fitowa sai da biyan kuɗi lokaci-lokaci. Ya kawo wa masu hoto tsarin da ya haɗa Photoshop da Lightroom a kan dala 9.99 a wata, aka daɗe a haka. A farkon 2025 aka rufe wannan tsarin ga sababbin shiga, aka bar na dala 19.99 a farashin Amurka. Ko ƙaramin ɗan'uwansa, Photoshop Elements, da aka saba saye sau ɗaya, daga fitowar 2025 lasisin shekara uku ake ba mutum.

Hayar tana da amfaninta, ba zan ɓoye maka ba. Ba ka tara kuɗi mai yawa kafin ka fara, duk sabon abu yana zuwa maka, kuma idan ka canza kyamara manhajar za ta gane fayilolinta. Ga wanda ke karɓar kuɗinsa da dala ko fam, ciniki ne mai sauƙi. Kai kuwa da naira ake biyanka. Kafin watan Yunin 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460, hayar shekara ta dala 120 ba ta wuce naira 55,000 da ɗoriya ba. A 2024 dala ta haura naira 1,500. Lissafa dala 240 ta sabon tsarin a kan haka, naira 360,000 ke nan a shekara. Zauna ka raba wannan da ribar da kake samu a fasfo ɗaya, ka ga fasfo nawa za ka wanke kafin ka fara ci da kanka.

Kuma aikin hoto a ƙasar noma irin taku yana da kaka. Bayan an girbe amfani kuɗi ya shigo hannu, bukukuwa su yi yawa, haka gab da azumi, haka ranakun Sallah da hawan Sarkin Sudan, da lokacin da ɗalibai ke shiga ko gama makaranta. Tsakiyar damina kuwa shago yakan yi tsit. Ita haya ba ta san damina ba. Tsarin da aka fi tallatawa alkawarin shekara ne da ake biya wata-wata, kuma idan ka fasa bayan kwana 14, za a caje ka rabin kuɗin watannin da suka rage. A kan wannan ne hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta kai Adobe ƙara a watan Yunin 2024, tana cewa ba a bayyana wa mutane sharaɗin yadda ya kamata. Ran da ka daina biya kuma Photoshop ya rufe. Lightroom Classic zai bar ka ka ga hotunanka ka fitar da su, amma sashen gyara ya kulle. Ga maganar katin banki: a 2022 bankuna da yawa sun tsayar da biyan kuɗin waje da katin naira, wasu suka dawo da shi a 2025 da iyaka, sai ka tambayi bankinka tukuna.

Abin farin ciki, hanya ba ɗaya ba ce yanzu. Affinity, na kamfanin Serif da ke Nottingham a Ingila, shi ne aka daɗe ana saye sau ɗaya a madadin Photoshop. Kamfanin Canva na Ostireliya ya saye shi a 2024, a ƙarshen Oktoban 2025 kuma ya mayar da shi kyauta, rajista kawai za ka yi, in ban da wasu kayan aikin ƙirƙirarriyar basira da ake biya. Yana buɗe RAW, yana da leya, yana aiki da CMYK, yana karanta fayil ɗin PSD na Photoshop. Don tace hotunan biki akwai darktable da RawTherapee, duk kyauta, kodayake darktable yana son haƙuri wajen koyo. Akwai GIMP, wanda aka fara tun tsakiyar shekarun 1990, fitowarsa ta 3 ta zo a Maris 2025. Sannan tunda Canon gare ka, kamfanin yana ba da Digital Photo Professional kyauta ga masu kyamararsa, kuma ya san launin kyamararka sarai. Mai Nikon yana da NX Studio.

Shi kuwa na filash, ban ba ka shawara ba. Na san ya cika shaguna, na kuma san talauci ne ya kawo haka, ba mugun hali ba. Amma haƙƙin wani ne, kuma wanda ya fasa manhajar ya raba ta kyauta a intanet ba ka san abin da ya cusa a ciki ba. Sau da yawa kafin a saka ta sai an kashe garkuwar kwamfuta. Akwai ƙwayoyin cutar da ke kulle duk fayilolin mutum sai ya biya fansa, akwai masu kwashe lambobin sirri. A kwamfutarka akwai hotunan matan mutane a wajen kamu, waɗanda ba kowa aka yarda ya gani ba, an ba ka ne don an amince da kai. Da can ana iya cewa babu yadda za a yi. Yanzu da akwai na halal kyauta, wannan uzurin ya kau.

Ga abin da zan yi da ni ne a shagonka. Zan sauke Digital Photo Professional da Affinity, in ba su wata uku ina ɗauka a RAW. Kuɗin da zan kai haya zan sa a ƙara wa laftof ɗin ram ya kai gigabait 16, ko aƙalla 8, a sa masa ma'ajiya mai sauri ta SSD, in sayi had-dis na waje don kwafi na biyu, in tanadi batir ko 'yar sola saboda ɗauke wuta a tsakiyar aiki. Kowane aiki zan ajiye asalin RAW ɗinsa da kwafin TIFF ko JPEG mai nauyi, domin waɗannan kowace manhaja tana buɗe su, kuma kamfanin da ya ba da kyauta yau yana iya sake shawara gobe.

Lokacin biyan Adobe zai zo idan bukukuwa suka yi maka yawa har kana kwana kana tacewa, ko ka fara aiki da masu zane da kamfanonin da ke turo fayil ɗin da sai Photoshop ke buɗe shi daidai. Idan aikin biki ɗaya ko biyu zai biya hayar shekara, shiga ba fargaba. Duba farashin Lightroom shi kaɗai, ya fi na haɗin sauƙi, kuma da Affinity a gefe zai iya isar ka. Suna ba da gwajin kwana 7 kyauta, amma sai ka sa kati, kuma in ba ka soke ba kafin kwanakin su cika, za su fara cirewa.