Ciwon Bayan Da Ya Tsananta Bayan Allura Ba Alamar Sauƙi Ba Ne

A kan tabarma 'ya'yansa suka shigo da shi asibiti, manomin doya ne daga wajen Doma, ya haura shekara 50, yana da ciwon suga. Wata biyu kafin ranar, da ƙafarsa yake zuwa gona, abin da ke damunsa bai wuce ciwon ƙugu irin na duk mai sunkuyo da fartanya ba. Wani ya ba shi labarin wani shago a cikin garin Lafia inda ake soka siraran alluran nan na mutanen Sin a gadon baya, a haɗa da ƙaho. Ya je. Bayan kamar kwana goma ciwon ya sauya kama, ya hana shi barci. Da ya koma, mai shagon ya ce masa: "Baba, ka daure, ai ciwon ne yake fita." Aka ƙara masa wasu alluran a wuri guda. Ranar da na gan shi, kwanansa uku bai iya riƙe fitsari ba, ƙafafunsa biyu kuma ba sa ɗaukarsa.

Wannan magana ta "ciwon ne yake fita" ita ta sa na ɗauki alƙalami. Na ji ta a bakin masu allura da wanzamai da masu tausa, har majinyatan kansu sun haddace ta. Ƙarya ce, kuma tana gurgunta mutane. Ciwo ba ya fita ta hanyar ƙaruwa. Wurin da aka soka allura ko aka kafa ƙaho yana iya yin tsami na kwana ɗaya ko biyu, sannan ya lafa. Amma ciwon da ke hauhawa kullum, wanda kwanciya ba ta rage shi, wanda ke tayar da kai ƙarfe biyu na dare, wanda in an ɗan ƙwanƙwasa ƙashi ɗaya a tsakiyar bayanka sai ka zabura, wannan ba mugun jini ba ne ke fita, ba sanyi ba ne, ba jifa ba ne. Ni likita, in na ji haka, sai na ɗauka ƙwayar cuta ta shiga ƙashin baya har sai gwaji ya nuna mini akasin haka.

Kada a ce na haramta wa mutane abin da suka yarda da shi. Ƙaho sunna ne, kuma ina girmama shi. Allurar Sin ma, in ƙwararre ya yi ta da sabuwar allura da aka ɓare daga leda a gabanka, ba kasafai take jawo wannan cuta ba. Tun 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin horo da tsafta a kan wannan sana'a. Matsalar hannu ne da kayan aiki. A birnin Toronto na Kanada, a 2002, mutane da dama sun kamu da cutar fata daga wani wurin allura guda saboda ana maimaita alluran ba tare da an tsarkake su yadda ya kamata ba. In hakan ta faru a can, me kuke tsammani a ɗakin da ake ajiye allurai a gwangwani, a goge su da auduga ɗaya a soka wa na gaba?

Yadda abin ke faruwa ba shi da tsawo. A fatar mutane da yawa akwai ƙwayar cuta mai suna Sitafilokokus, ita ce dai mai kawo maruru. Allura ko reza ko aska ta buɗe mata ƙofa, ko dai ta kai ta kai tsaye kusa da ƙashi, ko ta bi jini ta sauka a gaɓoɓin ƙashin baya, galibi na ƙugu. Daga nan ta ci faifan guringuntsin da ke tsakanin gaɓa da gaɓa, ta tara mugunya. In mugunyar ta taru a cikin ramin da laka ke bi, sai ta danne jijiyoyin ƙafa da na mafitsara. Masu ciwon suga, da tsofaffi, da masu wankin ƙoda, da masu cuta mai karya garkuwar jiki, da masu sikila, su ne a sahun gaba. Su kam ina roƙon kada su bari a huda musu baya sai sun tambayi likitansu. Haka nan allurar kashe ciwo da yaron kemis ke yi wa mutum a ƙugu, hatsarinta bai gaza wannan ba.

Wani zai ce ai babu zazzaɓi, don haka ba cuta ba ce. Kusan rabin masu wannan ciwo ba sa zazzaɓi. Wani kuma zai kawo mini hoton ƙashi da aka ɗauka a makon farko, ya ce an duba babu komai. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna ɓarnar sai bayan mako biyu zuwa uku, wani lokaci fiye. Hoton MRI ne ke ganin ta da wuri. Abin takaici, sau da yawa sai an tura talaka Abuja ko Jos kafin ya samu, ga kuɗin hoto, ga kuɗin mota, ga shi kwance. Masu riƙe da harkar lafiya a Jihar Nasarawa su sani cewa kowane mako da aka ɓata a neman hoto, ƙafar wani magidanci ce ake caca da ita.

Ga gargaɗin da zan nanata har ku gaji da ni: kada ku fara shan kafso kafin a ɗebi jininku. Kusan duk wanda ya zo mini ya riga ya sha ja-da-yalo, ya sha maganin taifot sau biyu, an yi masa allurar kwana uku a kemis. Wannan bai isa ya kashe cutar da ke cikin ƙashi ba, amma ya isa ya ɓoye ta. Sai mu shuka jinin a ɗakin gwaji, babu abin da zai tsiro, mu rasa sunan abokin gabar da muke yaƙa. Kuma sanin sunan shi ne rabin magani, domin a ƙasarmu ba Sitafilokokus kaɗai ke cin ƙashin baya ba. Akwai tarin fuka, wanda Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fi fama da shi a duniya. Yana cin ƙashin baya a hankali har ya fito da ƙusumbi, mutum bai taɓa yin tari ba. Akwai cutar da ake ɗauka daga ɗanyen nonon da ba a tafasa ba, ko wajen taɓa mahaifar dabbar da ta yi ɓari. Sau da yawa ma irin wannan ciwon ne tun asali ya kai mutum wurin mai allura, allurar ta ɓata masa lokaci kawai. Kowanne maganinsa daban. Na ƙwayar maruru, aƙalla mako 6 ne ba fashi, galibi a fara da na jijiya. Wani bincike da aka yi a Faransa aka wallafa a 2015 ya nuna cewa ga yawancin majinyata mako 6 ya wadatar kamar mako 12. Na tarin fuka kuwa wata 9 zuwa 12 ne, kuma kyauta ake ba da shi a cibiyoyin gwamnati. Wanda ya daina sha don ya ji sauƙi a mako na biyu, ya saurari dawowar ciwon.

Abokan aikina ma ba su tsira daga wannan faɗa ba. Mutum ya zo da ciwon baya, cikin minti biyu an rubuta masa maganin kashe zafi an kira na gaba. Wa ya tambaye shi ko an huda masa baya? Wa ya ɗaga rigarsa ya ga tabon ƙaho? Majinyaci kuma yana ɓoyewa don tsoron tsawar likita. Ku faɗa mana. Yaushe aka yi, sau nawa, a wane wuri a jiki, da wane irin kaya. Ba za mu kai ku kotu ba.

Manomin nan an tura shi aka yi masa tiyata, aka kwashe mugunyar, ya rayu. Fitsarinsa ya daidaita, amma har yau da sanda biyu yake tafiya, gonar kuma 'ya'yansa ke nomawa. Jijiyar da ta shafe kwana ɗaya zuwa biyu a danne har ƙafa ta mutu gaba ɗaya, da wuya ta koma yadda take, shi kuwa ya yi uku.

Don haka duk wanda aka yi wa allura, ko ƙaho, ko tsaga a baya, ya ga ciwon ya wuce kwana uku yana ƙaruwa, ya nufi babban asibiti, ya nemi a yi masa gwajin jini na kumburi da na shuka ƙwayar cuta. In kuwa ƙafa ta fara nauyi ko dindiris, ko tsakanin cinyoyi ya daina jin taɓi, ko fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba da kansa, kada a jira wayewar gari, kada a kira maɗori ya taka bayan. Ku shimfiɗa shi a mota ku kawo shi a daren nan.