Yadda Ake Auna Amfanin Shirin Sama wa Naƙasassu Aikin Yi

Tun zamanin dā akwai makafi da guragu da kurame da kutare a kowane gari na ƙasar Hausa, har an naɗa musu shugabanninsu, watau Sarkin Makafi da Sarkin Guragu da Sarkin Kutare. Amma yawancinsu ba su da abin dogara sai bara. To, bara kuwa ba ta ciyar da iyali cikin mutunci. Saboda haka Gwamnati ta tsara hanyoyin koya musu sana'a da sama musu aiki. Nufin wannan takarda shi ne ta nuna wa mutanen Gusau da Tsafe da Bunguɗu yadda za su gane ko waɗannan shirye-shirye sun yi amfani.

Abin da aka yi alkawari

A shekarar 1986 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Sama wa Jama'a Aikin Yi, wadda ake kira NDE. Ɗaya daga cikin hanyoyinta ita ce a kai mai koyo wurin gwanin sana'a, ko tela, ko kafinta, ko baduku, ya zauna a hannunsa har ya ƙware. A shekarar 2010 Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu. Sa'an nan a watan Janairu na 1919 ba a san irin wannan doka ba, amma bayan shekara ɗari daidai, a Janairu 2019, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Hana Nuna wa Naƙasassu Bambanci. Dokar ta ce ma'aikatun Gwamnati su yi iyakar ƙoƙari naƙasassu su zama aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu. Ta ba da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda gurgu da makaho za su iya shiga. Wanda ya nuna bambanci kuwa, tararsa naira 100,000 ko ɗaurin wata 6, ko duka biyu. In kamfani ne, naira 1,000,000. A 2020 aka kafa Hukumar Kula da Naƙasassu ta Ƙasa domin ta sa ido a kan dokar.

Wannan shi ne alkawari. Kyan alkawari kuwa cikawa.

Kuskuren da aka fi yi

Galibi idan an yi bikin yaye ɗalibai, aka raba keken ɗinki da takardar shaida, aka ɗauki hoto, sai a ce aiki ya yi kyau. Wannan kuskure ne. Yawan waɗanda aka horar yana nuna kuɗin da aka kashe ne kurum, ba ya nuna abin da aka samu. Manomi ba ya auna damina da yawan irin da ya shuka, sai da damman da ya kai rumbu.

Ma'auni huɗu

Na farko: su wa aka ɗauka? A duba ko cikin garin Gusau kaɗai aka tsince su, ko an kai ga ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu. A duba mata nawa ne, kurame nawa, makafi nawa. Sau da yawa akan ɗauki wanda naƙasarsa ba ta da tsanani, domin shi ya fi sauƙin koyarwa, a bar wanda ya fi bukata.

Na biyu: ina suke bayan shekara guda? Wannan shi ne babban ma'auni. A bi su gida gida, a ga ko keken yana nan yana aiki, ko yunwa ta sa an sayar da shi.

Na uku: nawa suke samu? A gwada abin da mutum ke samu a mako yanzu da abin da yake samu kafin horo, a cire kuɗin zare da haya da mota. In sana'a ba ta kai abin da bara ke kawowa ba, mai iyali zai koma bakin masallaci, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Na huɗu: da ba a yi shirin ba, me zai faru? A nemi waɗansu naƙasassu masu kama da su a shekaru da hali, waɗanda ba su shiga ba, a gwada su. Bambancin da ke tsakani shi ne ainihin amfanin shirin.

Misali

A ƙaddara an horar da mutum 40, aka kashe naira 4,000,000, watau naira 100,000 a kan kowane ɗaya. Bayan shekara aka tarar 16 ne ke sana'a. Cikin mutum 40 da ba a horar ba kuwa, 6 sun kama sana'a da kansu. Ashe mutum 10 ne shirin ya ƙara, kowannensu ya ci naira 400,000. Da wannan lissafi ne za a san ko a ci gaba, ko a sake dabara.

A binciki dalili

In an ga shiri bai yi albarka ba, kada a yi gaggawar cewa masu koyo ne malalata. Wataƙila an koya wa mutum 20 ɗinki a gari ɗaya, alhali masu kawo ɗinkin ba su da yawa. Wataƙila an ba da kayan aiki ba a ba da jari ba. Wataƙila ofishin yana bene, ko gwanin ba ya jin maganar hannu ta kurame. Haka kuma rashin kwanciyar hankali da ya addabi ƙauyukan Zamfara ya rage cin kasuwa, ya raba mutane da gonakinsu; tilas mai bincike ya sa wannan a lissafi. A Kano guragun da shan inna ta kama sun haɗa ƙungiya suna ƙera keken hannu suna sayarwa. Abin koyi a nan shi ne sun zaɓi sana'ar da suka san masu bukatarta.

Wa zai yi binciken?

Bai kamata wanda ya raba kaya ya zama shi ne mai ba da shaida a kan kansa ba. A sa wani dabam, tare da shugabannin naƙasassu da masu unguwanni. A tambayi kowane mutum shi kaɗai, a tabbatar masa faɗin gaskiya ba zai sa a cire sunansa ba. Abin da aka gano kuma a karanta shi a gaban jama'a.

Duk wanda ya iya karatu ya karanta wa makaho wannan takarda, ya bayyana wa kurma. Allah ya sa a dace, amin.

Tambayoyi

1. Kashi nawa doka ta tanada wa naƙasassu a aikin Gwamnati?
2. Me ya sa yawan waɗanda aka horar bai isa shaida ba?
3. A garinku, wace sana'a ce ke da masu saye amma ba ta da masu yi?