Amsoshin Tambayoyinku: Har Yaushe Zai Yi Ta Shan Maganin?

Wata mai sauraronmu daga Zariya ta ce ƙanenta yana jin muryoyin da babu mai jin su, likita ya ɗora shi kan magani, yanzu ya samu sauƙi. Shin ya daina sha?

To Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya. Jin irin waɗannan muryoyi na daga cikin alamomin cutar sikizofiriniya. Magungunanta, irin su haloperidol da risperidone, suna rage tasirin sinadarin dofamin ne a ƙwaƙwalwa. An fara amfani da na farkonsu, chlorpromazine, a Faransa a 1952. Sukan ɗauki makonni kafin aikinsu ya bayyana, kuma danne cutar suke yi, ba tumɓuke ta ba. Shi ya sa in an yanke su farat ɗaya, sau da yawa ciwon yakan dawo.

In kin ga hannunsa na rawa, wuyansa ya sandare, ko yana dalalar da miyau, ku koma wurin likita, ya rage ko ya sauya. Akwai ma allurar wata-wata ga mai mantuwa. Asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna yana kusa da ku.

Ku ci gaba da addu'a, amma kada ku ajiye maganin sai likita ya ce.