Kafin ka zuba wa tankin nan ruwan batir

Ɗana, jiya da yamma na hango ka a zaure kana jijjiga tankin Jincheng ɗin mahaifinka, Allah Ya jiƙansa, ka kasa kunne kana sauraren abin da ke ƙara a ciki kamar tsakuwa a gwangwani. Na kuma ji shawarar da abokinka ya ba ka, wai ka samo ruwan batir ka tuttula, kafin a yi kiran magariba ya cinye tsatsar. Ban tanka ba, don ba na son in kunyata yaro a gaban ɗan'uwansa. Yanzu da muke mu biyu, ga abin da na sani.

Mashin ɗin nan tun Janairun 2013 yake jingine, lokacin da gwamnati ta hana acaɓa a Kano. Mahaifinka ya kafe shi da ɗan guntun mai a ciki, yana cewa gobe ko jibi za a janye dokar. Damina fiye da goma ta wuce ta kansa. Ruwa ba ya tsami banza, tsatsa ma haka, sai ƙarfe ya haɗu da iska da danshi take kama shi. Za ka ce ta ina ruwa ya shiga tankin da ke rufe? Duba murfin, akwai wata 'yar kafa da yake numfashi ta cikinta. Da rana iskar ciki ta yi zafi ta fita, da dare sabuwa ta shigo da laimarta, raɓa ta kwanta a jikin ƙarfen kamar gumin murfin tukunya. Ruwa kuwa ya fi fetur nauyi, sai ya gangara can ƙasa ya zauna a bakin ɗinkin tanki, kusa da famfo. Ga kuma man bumburutu. Ban ce duk masu sayar da shi maha'inta ba ne, amma galan ɗin da ya kwana a waje cikin watan Agusta ba ka san abin da ya sha ba.

Ruwan batir ɗin nan na taɓa gwada shi, shi ya sa nake hana ka. Ina yaron gareji, maigidana ya tafi kasuwa ya bar ni da tankin wani malamin makaranta. Na zuba, na tafi sallar azahar, na dawo na tarar ciki ya yi fari tas, har ina jin kaina. Kwana biyu sai ga malamin ya dawo yana tura mashin, wandonsa na warin fetur. Ƙasan tankin ya zama rariya. Kaurin ƙarfen tanki kusan milimita 1 ne kawai, shi kuwa wannan ruwa bai san bambancin tsatsa da lafiyayyen ƙarfe ba, duk abincinsa ne. Maigidana bai dake ni ba. Kuɗin tankin ya riƙa cirewa daga ɗan abin da yake ba ni, har na gwammace da dukan ya yi. Ban ma yi maganar abin da ɗigo ɗaya zai yi wa idonka ba.

To, ga yadda za ka yi. Ka fito da aikin tsakar gida, nesa da murhu da janareto da mai shan sigari. Ka tsiyaye tsohon man nan da ya koma ja yana warin fenti, ka kwance tiyo, ka cire famfo da ma'aunin mai idan akwai, domin ƙarfensu mai laushi ne, tsamin da za ka zuba daga baya yana cin sa. Ramukan ka toshe su da guntun robar tayar keke. In za ka leƙa ciki, fitilar wayarka ta isa, kada ka kuskura ka kyasta ashana. Daga nan ruwan zafi da garin sabulu, ka wanke maiƙon ya fita, don tsami ba ya ratsa maiƙo.

Sai ka zuba noti da ƙananan kusoshi, ka yi ta jijjigawa, ka kifa, ka karkata, har kafaɗunka su gaya maka. Amma ka ƙirga su kafin su shiga. In 30 ka zuba, 30 za su fito. Bakin tanki yana da leɓe ta ciki, na ƙarshen nan sai ya wahalar da kai, shi ya sa nake ajiye maganaɗisu ɗaure da zare. Wasu guntun sarƙa suke sawa, ya fi sauƙin zarowa. Tsakuwa da yashi kam ka rabu da su, suna maƙalewa a lungu, wata rana ka tsince su a kafireta.

Abin da zai yi maka ainihin aikin shi ne ruwan khal, farin nan da mata ke saye a kanti. Tsaminsa wajen kashi 5 ne cikin 100, a hankali yake bin tsatsa, kuma yana ba ka lokacin da za ka dakatar da shi. Ka cika tankin har baki, ka ɗora murfi ba tare da ka danne ba, saboda yana fitar da iska. In kuɗinka bai kai na cikawa ba, ka sa rabi, ka riƙa juya tankin kowane gefe ya sha nasa. Kwana ɗaya, ka leƙa. In da saura, ƙara masa kwana. Sauri ya haifi nawa, kuma mashin ɗin da ya jira fiye da shekara goma ba zai gaza jiran kwana biyu ba.

Inda akasarin yara ke ɓata wahalarsu shi ne bayan an zubar da khal ɗin. Ƙarfen ya fito tsirara, babu abin da ya rufe shi, ga danshi, ga ragowar tsami. Kafin ka gama shan shayi sai ka ga ya fara yin ruwan ɗorawa. Na taɓa wanke wani da la'asar na ce bari ya kwana ya bushe, da safe na tarar da shi ja kamar ban taɓa shi ba. Saboda haka kada ka fara wannan mataki sai da hantsi, ranar da babu hadari, kuma komai yana kusa da hannunka. Ka ɗauraye da ruwa sau uku ko huɗu. Ka jiƙa kanwa tun da wuri, ka tace ruwanta ka zuba ka girgiza. Abin da take yi wa yakuwa a tukunyar mahaifiyarka shi za ta yi a nan, ta kashe tsamin. Ka sake ɗaurayewa, ka ruga wurin mai faci ya hura masa iska ta kowace kafa, ka shanya shi a rana bakinsa a buɗe. Da ya bushe, ka haɗa ɗan kananzir da cokali biyu na sabon baƙin mai, ka zuba, ka jujjuya ya shafi ko'ina, ka tsiyaye.

Wata gaskiya kuma, gara ka ji ta yanzu. Wani lokaci tsatsar ce take toshe ramin, tana fita sai yoyo ya bayyana, ko da khal ka yi amfani. Shi ya sa a ɗaurayar farko za ka cika shi da ruwa, ka goge bayansa, ka zuba wa ɗinkin ƙasa ido. In ka ga yana gumi, kada ka bari wani ya kai masa wutar walda don kawai an ce babu mai a ciki. Tankin da babu mai ya fi cikakke haɗari, don tururin fetur ne ke fashewa, kuma yana daɗewa a lungu. Ka kai wa wanda ya san aikin, wanda zai wanke ya cika shi da ruwa kafin ya kunna wuta. In ramukan sun yi yawa, ka haƙura ka sayi wani.

Idan ka mayar da shi, canja tiyo, ka sa 'yar matatar mai tsakanin famfo da kafireta, kafiretar ma a kwance ta a wanke, don abin da ya ci tanki ya riga ya aika mata rabonta. Na san tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa a rizab yake yawo, ni ma haka, ba zan ce kullum ka cika ba. Amma duk ranar da za ka ajiye shi ya daɗe, ko dai ka cika shi taf, ko ka tsiyaye shi ƙarƙaf ka shafe cikinsa da mai. Mu da muka hau tsohuwar Vespa ba mu cika sanin wannan matsala ba, don baƙin mai muke haɗawa da fetur a cikin tankin, kullum jikinsa da maiƙo.

Gobe in Allah Ya kai mu, bayan ka karya, ka zo da tankin da bokiti biyu. Noti da maganaɗisu suna wurina. Abokin naka ma ka taho da shi, jijjigar tana son hannu huɗu.